Kujeru Biyu a Gefen Gadon Alhaji Kallamu

Akwai wani dattijo a Guangzhou, Alhaji Kallamu, da ya daɗe yana sarin tufafi a kasuwar Shahe. A Maraɗi aka haife shi, a Kano ya girma, kowane ɓangare na cewa nasa ne.

Shi ya haɗa Kanawa da 'yan Nijar a ƙungiya ɗaya. Babbar ƙa'idarta ita ce duk wanda ya kwanta ciwo a riƙa karɓa-karɓar zama a wurinsa, kada Musulmi ya cika a ƙasar Sin ba mai tuna masa kalmar shahada.

Ana nan sai Shitu, shugaban Kanawa, ya zo da ƙorafi. Wai jinya na cinye musu lokacin kasuwa. Suna nan cikin ƙungiya, amma a cire su daga wannan ƙa'ida, su yi jinyar nasu kawai. Alhaji mutum ne mai gudun ɓacin rai. Ya ce ba komai, in dai suna ɗaya ne.

Da Isufu, shugaban 'yan Nijar, ya ji, ya ce ai su ma ba zaman banza suka zo yi ba. Aka cire su. Ƙungiya ta koma cin shinkafar sallah da ɗaukar hoto.

A 2008, gab da wasannin Olamfik, sabunta biza ta yi wuya, kowa na ta kansa. A wannan rububin Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a Shahe, mai shagon da yake saye a wurinsa ya kai shi asibiti.

Labari ya iske kowa. Shitu ya ce fasfon Alhaji na Nijar ne, mutanensa na wurinsa. Isufu ya ce iyalinsa a Kano suke, Kanawa ba za su bar shi ba. Ba wanda ya ƙi shi, wallahi. Kowa ya yi masa addu'a ya koma lodin kwantena.

Sai ranar Juma'a suka haɗu a ƙofar masallaci. Shitu ya ce, "Ya jikin Alhaji?"

Isufu ya tsaya cak. "Ni za ka tambaya? Ba kuna wurinsa ba?"

Tasi ɗaya suka shiga, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Suka tarar ya cika tun da hantsi.

Ma'aikaciyar jinya ta nuna musu kujeru biyu a gefen gadon. Shitu, mai ɗan jin yaren Sin, shi ya fassara yana kuka: tun ranar da aka kwantar da Alhaji ya roƙa a ajiye su, ya hana a ɗauke. Ya ce yana da mutane kashi biyu, kuma duka suna hanya.

Darasi: Haɗin kan da kowa ya zare hannunsa daga wahalarsa, suna kawai ya rage masa, kuma ranar buƙata ake ganewa. Ka tura wa 'yan ƙungiyarku, tun kafin wani ya ajiye muku kujera.