Bakan Shekarau Maharbi

Ku gyara zama, don wannan shari'a ku za ku yanke ta.

An yi wani maharbi, Shekarau, wanda tsufa ya cinye wa ido. Tun da ya daina shiga daji ya daina cin abinci, sai dai ya wuni a ƙofar gida yana shaƙar iskar da ke zuwa daga jeji. 'Ya'yansa uku ne: Barmo, Jatau da auta Nomau.

Barmo shi ya taso yana riƙe wa uban kwari, kuma a ransa dajin nan nasu ne su biyu. Da ya ga tsoho yana ƙarewa, sai ya ƙudura zai kai shi tafkin da bareyi ke shan ruwa. Bai so ƙannensa su biyo ba, amma suka biyo. Ya goya uban, ya keta ƙaya da duwatsu har ƙafafunsa suka fashe. Duk sanda tsoho ya yi dariya da hirar ƙannen, sai Barmo ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Shi ke ɗauke da kaya, su ke samun fara'a!

Suka isa tafki, babu ko sawu. Suka jira har rana ta take. Nan Jatau, wanda ake yi wa ba'a don bai iya harbi ba, ya dunƙule hannu a baki ya yi kukan ɗan barewa. Can sai ga barewa ta fito daga sarƙaƙiya. Tsoho ya ji takunta, ya raɗa, "Jatau, ashe kai ma ɗan daji ne." Barmo ya ciji leɓe.

Nomau ya durƙusa bayan uban, ya daidaita masa hannu a kan baka, tsoho ya ja tsirkiya har kunne. Sai Nomau ya hangi hantsar barewar cike da nono. Ya dafe kibiyar.

"Baba, mai shayarwa ce."

Tsoho ya sassauta baka. Ya zauna yana sauraron yadda take lasar ruwa, hawaye na bin gemunsa, har ta juya ta tafi.

Barmo ya fashe da faɗa: "Na fasa ƙafafuna ne don mu zo kallon nama?"

Uban ya lalubo gorar da suka zo da ita. Ya ce, "Akwai fura a gorar nan? Yunwa nake ji."

Daga ranar ya koma cin abinci, ya yi shekaru. Da ajali ya matso, ya ce a ba da bakansa ga wanda ya dawo masa da ransa a bakin tafki. Bai faɗi suna ba. Barmo ya rungume bakan ya ce babu mai taɓawa. Ƙannen suka ce ba su yarda ba.

To, jama'a, wanda ya goya shi, ko wanda ya kira barewa, ko wanda ya hana harbi: wa za a miƙa wa bakan?