Dalilin da Ya Sa Gara Ta Daina Tambaya

Dalilin da ya sa gara take cin sabon abu da tsoho ba ta zaɓe, ku matso kusa ku ji shi, tunda na ga tun safe kuke tsine mata. Ba haka halinta yake ba tun asali. An yi zamanin da gara ba ta sa baki a kan komai sai ta tambayi mai shi.

A wancan zamani akwai wani gari da ake kira Tudun Kaɗanya. Garin nan ba shi da bola ko ɗaya, domin mutanensa ba su san a yar da abu don ya tsufa ba. Zane in ya koɗe sai ya koma majanyin goyo. Majanyi in ya yage a naɗe shi ya zama gammo, gammo kuma ya ƙare a tsumman sauke tukunya. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke ta, in ta sake fashewa a ba kaji sakainar su sha ruwa. Turmi ma in gindinsa ya huje, kife shi ake yi a zauna a kai. Sai abu ya zaga ya zaga, ya rasa sauran aikin da zai yi wa gida, sannan a ɗauke shi a kai bayan danga, inda kowane gida yake da surinsa, wato tudun da gara ta gina take zaune a ciki.

To ita gara makauniya ce, har gobe ma ba ta gani. Saboda haka in ta ji an ajiye abu a ƙofarta sai ta leƙo ta ce, "Ya gama aiki?"

Mai abu ya ce, "Ya gama."

Ta ce, "Ba sauran wani?"

Ya ce, "Babu."

Sai ta kira 'ya'yanta su cinye. Bayan kwana biyu mai gida ya zo ya kwashi baƙar ƙasa mai laushi a wurin, ya kai gindin kuɓewarsa da yakuwarsa. Ita ta ƙoshi, su sun sami taki, gari kuma fes.

A garin akwai wani masassaƙi, Nomau ɗan Shekarau, wanda ya gaji gizago a hannun ubansa. Hannunsa ya faɗa ƙwarai. Turmin da ya sassaƙa, uwa za ta daka a ciki ta bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa jika. Kuma wannan kyan aikin shi ne ya zame masa matsala. Damina biyu ta wuce ba wanda ya zo neman sabon turmi. Masu zuwa duk gyara suke kawowa, su yi godiya, su ajiye ɗan goro su tafi. Rumfarsa ta cika da sababbin turame da kujeru da akusa, rumbunsa kuwa sai da aka kai ga matarsa Lantana tana shiga ciki da tsintsiya tana sharo ƙwayar gero.

Ran nan ta fito daga rumbun, kanta duk ƙaiƙayi, ta dubi rumfar ta ce, "Maigida, wanne zan ɗora mana yau, babban turmin ko ƙaramin? Na ga ƙaramin zai fi saurin nuna."

Nomau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Suna cikin haka sai ga Gwaggo Barmani, ƙanwar ubansa, tana gangaro da turminta tana haki. Ta tsayar da shi a gabansa ta ce, "Ɗan nan, duba mini bakin nan, ya fara tsagewa."

Nomau ya durƙusa ya duba. Tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba. Ya san maganinta sarai: a yanko ɗanyar fata a ɗaure bakin, in ta bushe ta matse shi, turmi ya ƙara shekara ashirin yana aiki. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai idonsa ya kai kan 'yar ƙwaryar geron da ke hannun Lantana, wadda ko rabi ba ta kai ba.

Ya ce, "Gwaggo, wannan ai ya mutu."

Ta ce, "Ya mutu? Jiya fa na daka fura a cikinsa."

"Tsagar ta shiga har gindi, daga ciki. Ke ba za ki gani ba."

"To sai in kife shi in riƙa zama."

"Ya dare da ke ki karya ƙugu, a ce ɗan yayanki ne ya kashe ki? Ki bar shi a nan in kai wa gara. Ga sabo can, zaɓi wanda ya yi miki."

Gwaggo Barmani ta daɗe tana shafa bakin turmin. Ta ce, "Ubanka ne ya sassaƙa mini shi, ranar da aka kai ni ɗaki." Sannan ta miƙe, ta zaɓi sabo, ta koma gida ta aiko da damin gero.

Da rana ta take, Nomau ya gangara da tsohon turmin bayan danga. Gara ta leƙo.

"Ya gama aiki?"

"Ya gama, Inna."

Ta ƙwanƙwasa jikinsa da kanta ta saurara. Ta ce, "Amonsa da ƙarfi, ɗan Shekarau. Ba sauran wani?"

Nomau ya kau da kai. Ya ce, "Babu. Tsohon icce haka yake amo."

Ta ce, "To, kai ke da ido."

Abin da aka saba cinyewa a kwana biyu, sai da ya ɗauke su kwana tara. A cikin kwanakin nan kuwa matan unguwa sun ga sabon turmin Gwaggo, fari tas, suka fara ganin nasu ya yi baƙi. Mata uku suka gangaro da nasu wurin Nomau, kowanne da 'yar tsaga ko ɗan ɓantare, kuma duk ya ce musu ya mutu.

A kwana na goma gara ta aika a kira shi. Ya tarar da ita a bakin suri, ga tsummoki da sakainu a tare ba wanda ya taɓa.

Ta ce, "Ɗan Shekarau, 'ya'yana sun ƙi cin abincinsu. Tun da suka ci turmin nan suke cewa ruɓaɓɓen abu ba shi da daɗi. Iccen nan da rai a jikinsa, ga zaƙin gero, ga maiƙon gyaɗa. Ni kaina ban taɓa cin irinsa ba. Ka gaya mini gaskiya. In kuskure aka yi, zan rufe su a ciki kwana bakwai da yunwa har su manta ɗanɗanon, mu koma yadda muke. In kuwa da gaske ya gama aiki, to ashe irin wannan ma halalinmu ne, ba ni da hujjar hana su."

Nomau ya dubi tulin tsummokin. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gyara ɓarnar. Amma ya tuna turame uku da ke jingine a rumfarsa suna jiran a kawo su nan, ya tuna daren jiya Lantana ta yi tuwo har da saura, ya kuma tuna cewa in ya amsa, kafin la'asar Gwaggo za ta ji.

Ya ce, "Ya gama aiki, Inna. Kaɗanya ce, ita haka take da zaƙi."

Gara ta ce, "Shi ke nan. Na yarda."

Daga nan abu ya buɗe. Wanda ya yar da turmi mai 'yar tsaga, me zai sa ya zauna ɗinkin ƙwarya? Aka fara kai wa gara tabarmar da gefe ɗaya kawai ya zare, da kujerar da ƙafa ɗaya ta girgiɗe, da zanen da laifinsa kawai an gaji da launinsa. In ta ce, "Ya gama aiki?" sai a ce "Ya gama" ana tafiya, ko tsayawa ba a yi a ji tambaya ta biyu. Surin kowane gida ya yi tsawo ya wuce danga. Rumbun Nomau ya cika har ya gina na biyu. Sai dai ya daina bi ta bayan gidansa, in zai je daji yankan icce sai ya zaga ta kasuwa.

Bayan kaka, wata safiya, sai ga Gwaggo Barmani ta shigo da taɓarya a hannu. Ta ce, "Ɗan nan, na ɗaga taɓarya na sauke, sai ta wuce har ƙasa. Turminka ya zama gari."

Nomau ya nufi rumfarsa don ya ɗauko mata wani. A jikin kowane turmi ya ga wani siririn layi na jar ƙasa ya taso daga gindi. Ya kama mafi girmansu, wanda ya yi wata guda yana aikinsa, ya yunƙura zai ɗaga da ƙarfi, sai ya ji shi sakayau kamar ƙwarya. Ya ruguje a hannunsa. Ya taɓa na biyu, haka. Ya ɗaga kai, ga layin nan ya hau ginshiƙin rumfa ya shiga azara.

Ya ruga bayan danga ya durƙusa a gaban suri. Ya ce, "Inna, fito. Ƙarya na yi miki. Turmin Gwaggo bai gama aiki ba, sauran ma duk ba su gama ba. Ki rufe su kwana bakwan nan."

Sai da aka jima gara ta leƙo. Muryarta ta dushe.

Ta ce, "Da ran nan ka faɗa. A lokacin waɗanda suka ɗanɗana ba su fi cikin tafin hannu ba. Yanzu sun haifi 'ya'ya, 'ya'yan sun haifi nasu, kuma waɗanda aka haifa bana da sabon icce aka yaye su. In na ce su tsaya a tambaya, sai su ce mini, wa za a tambaya? Kowa 'ya gama' yake cewa."

"To ki gaya musu daga yau gaskiya za mu riƙa faɗa."

"Da me zan gane? Maganarku ita ce idona, ɗan Shekarau. Ita kaɗai nake da ita." Ta juya za ta koma, sannan ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya na iya sa su. Na ce duk inda za su bi su rufe hanyarsu da ƙasa, domin ni kunyar masu gida nake ji."

Ta shige, ta liƙe ƙofar surin daga ciki. Tun ranar ba wanda ya sake jin muryar gara.

Nomau ya dawo ya tarar da Gwaggo zaune a ƙasa, taɓaryarta a kan cinya. Ya tsuguna nesa da ita, kansa a sunkuye, ya faɗa mata komai.

Ta ce, "Ai na sani. Shekara talatin ina daka a cikinsa, ni za a gaya wa ya mutu? Na ga Lantana da tsintsiya a bakin rumbu, shi ya sa na yi shiru." Ta share idonta da gefen mayafi. "Da ka ce mini yunwa kuke ji, da dami biyu zan aiko maka, turmina yana ɗakina. Kai ka ji kunyar roƙo, ni na ji kunyar ƙaryata ka. Ga inda ta kai mu."

Nomau ya rayu har ya tsufa, amma bai ƙara ce wa kowa abinsa ya mutu ba. Ya koma yawo gida-gida da ɗanyar fata da basilla, yana ɗaure turame yana ɗinke ƙore. Wasu suka koma gyara, da yawa ba su koma ba, don hannun da ya saba yarwa yana da wuyar komawa ɗinki. Abin da suke zubarwa ya fi ƙarfin cikin gara, ya taru ya yi tudu a bakin gari. Bolar farko ke nan.

Shi ya sa har yau gara ba ta tambaya. Ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ɗaki, ta ci sabuwar ƙofa ta bar ruɓaɓɓen kara a waje, kuma duk inda ta bi sai ta lulluɓe kanta da jar ƙasa. Tambayoyin nan biyu kuwa, tun da ta liƙe ƙofarta ba mai yi mana su. In kun ɗauki abu za ku jefa a bola, sai dai ku yi wa kanku.