Gaisuwar Aku a Majalisar Dawa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

Zabuwa ce ta saka ƙwai a ciyawar bakin rafi, sai ta ji wai majalisar dawa za ta fitar wa giwaye hanya ta wurin. Ta ruga gun Aku, wakilin tsuntsaye.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwana bakwai kawai za ka roƙa mini, su ƙyanƙyashe."

Ya ce, "Haba Zabuwa, magana ai gadona ce."

To, a majalisar nan, ƙoƙo mai huda ake ɗorawa kan ruwa, da ya nutse mai magana ya zauna. Zabuwa ta laɓe bayan kalgo tana kallo.

Aku ya miƙe. "Zaki, ina gajiya? Ya iyali? Giwa, ya ƙafa? Kura, ashe an yi rashi."

Ƙoƙo ya sha rabi. Zabuwa tana ta raɗa, "Ƙwai, Aku, ƙwai." Shi kuwa ya juya yana tambayar Kunkuru jikin kakarsa. Ƙoƙo ya nutse, aka yanke hukuncin fitar da hanyar.

Da ya fito ta tare shi. "Ina maganata?"

Ya ce, "Wa ke fara magana babu gaisuwa? Zama na gaba, da sunanki zan buɗe gaisuwar."

Washegari giwaye suka bi ta kan ƙwan. Shi ya sa har yau Zabuwa ba ta aiken kowa. Da ta ga abu, da bakinta take kwarmatawa, ba ko sallama.

Ƙurunƙus, a kan kusu na sauke ta.