Kawun Sallau da Gwajin Minti Goma

Ku matso ku ji wannan, amma kowa ya wasa bakinsa, don akwai gardama a ƙarshe.

Malam Sallau yana da ɗan ofis a Zariya da ma'aikata uku. Sun haɗa wa manoman rani manhajar da ke sanar da kowa ranar da ruwa zai shiga gonarsa. Sallau ya yi alkawarin miƙa ta ran Alhamis kafin la'asar, don kashegari za a saki ruwa. In ya saɓa, tumatir ya bushe, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Sai dai kwamfuta ba ta sakin manhaja sai ta gwada ta da kanta, kuma minti goma aka yanka mata. Kullum gwaji ya yi nisa sai ya tsaya cak, har lokaci ya cika a yanke shi. Sallau, sarkin gajen haƙuri, ya ce a kashe gwajin kawai a miƙa.

Barau, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya dafe kwamfutar. "Ranka ya daɗe, ko korata za ka yi, ba za a kashe ba." Suka yi ta ja-in-ja har Sallau ya saduda.

Tasalla kuwa ta duƙufa kan aiki. Ta bi ƙananan gwaje-gwajen da ke cikin babban gwajin ɗaya bayan ɗaya, ɗari biyu da 'yan kai, har ta cafko mai laifin. Ashe saƙon gaske yake aika wa wayar kawun Sallau, ya zauna jiran amsa. Shi kuwa kawu, a ƙauyensu ba a samun sabis sai an hau suri!

Gambo ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya ƙera kawun bogi a cikin kwamfutar, mai amsawa kafin ƙiftawar ido. Cikin minti huɗu gwaji ya kai ƙarshe a karon farko, kuma can ya tono aibu: gonaki tara na ƙarshen layi ba sa cikin rabon ruwa. Aka gyara, aka miƙa ana shirin kiran sallar la'asar.

Daɗi ya kashe Sallau. Ya jawo kujerarsa mai juyawa, ita kaɗai a ofishin, ya ce ta gwarzon yau ce. Ya dubi Barau, ya dubi Tasalla, ya dubi Gambo, sai ya kasa sakin kujerar.

To jama'a, ku raba shi da tsayuwa: wa ya kamata ya zauna?