Gyaɗar Giwa da Gugan Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun yi shiru.

Wata shekara aka yi fari a dajin Tsamiya Bakwai. Namun daji suka aiki Kurege wurin Giwa, attajirar ƙetaren kogi, ya roƙo taimako. Shi kuwa Kurege gyaɗa ce ransa, sai ya ce, "Ranki ya daɗe, gyaɗa kaɗai za ta cece mu."

Giwa ta ba da buhu goma, ta ce, "A ci. Kada a sayar, kada a yi musaya. Zan zo in gani."

Kafin ya dawo, tafkinsu ya ƙafe. Ruwa sai a tsohuwar rijiya mai gaba ashirin, ba guga, ba igiya. Aka ci gyaɗa, ƙishi ya ƙaru. Aka ci gyaɗa, ƙishi ya ƙaru. Ran na uku ɗan Barewa ya mutu da gyaɗa a bakinsa. Uwar ta dubi Kurege. Shi kuma kuncinsa cike da gyaɗa, ya kasa haɗiyewa.

Da sassafe ya ja buhu biyu zuwa kasuwar birai, ya musanyo guga da igiya. Aka sha, aka rayu.

Sai ga Giwa, Shaho ya riga ya kai mata gulma. Ta ce, "Kai Kurege, ina sharaɗina? Yau sai na take ka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki ci abinci tukuna, kya fi jin ƙarfin takawa."

Ya soya gyaɗa, ya zabga gishiri. Ta ci, ya ƙaro. Ta ci, ya ƙaro. Maƙogwaro ya bushe, ta ce, "Ruwa!"

"Akwai, amma da gyaɗarki aka samo gugan, kin kuwa hana. In ƙaro gyaɗa?"

"Kawo ruwa, ja'iri!"

Tana cikin sha Barewa ta matso, ta ce, "Da gugan nan ya zo tun ran farko, da ɗana yana nan."

Giwa ta ajiye gugan. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Daga yau in na bayar, na bayar. Ku da ke wurin, ku dubi abin da ya fi muku ciwo, ku yi maganinsa."

Kurege ya yi gyaran murya, ya ce, "To ni abin da ya fi mini ciwo..."

Giwa ta ce, "Ban da kai. Barewa ce za ta riƙe rumbun gyaɗar."

Ƙurunƙus kan ɓera. Yara, duk ran da za ku karya dokar manya, ku tabbata akwai gishiri a gida.