Masaƙin da Ya Ƙi Gama Marufin Uwar-Tulu

Ku zauna, ku bar tsokanar juna, in faɗa muku dalilin da ya sa wani gizo-gizo mai tafiyar ƙaguwa ya rasa wurin zama duk faɗin kurmi sai cikin tsiron da ke cin ƙwari.

A zamanin da, sunansa Barmo, kuma ba a yi masaƙi kamarsa ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa ce wa mai aiki "dawo gobe" ba. Ka kawo da hantsi, ka karɓa kafin la'asar. Har gori yake yi wa sauran masaƙa, wai su maƙaryata ne.

To, saurin nan shi ya ja masa. Wata rana Zanzaro ya zo a saƙa masa ɗamara. Barmo ko awo bai tsaya yi ba, ya saƙa, ya ɗaura masa, ya ja da ƙarfi, sai ga ƙugun Zanzaro ya tsuke kamar tsinke. Aka yi aka yi ta kwance, ta ƙi.

"Wallahi sai na gine ka da rai a cikin laka!" in ji Zanzaro.

Barmo ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yana gudu, Zanzaro na biye, har ya faɗa bakin Uwar-Tulu. Ita kuwa tsiro ce mai ganye kamar tulu, bakinta zaƙi da santsi, cikinta ruwa. Duk ƙwaron da kwaɗayi ya kai shi, ya zame ya faɗa, ruwan nan ya narkar da shi. Zanzaro ya san halinta, sai ya ja birki a waje. Barmo kuwa zare ɗaya ya maƙala a leɓenta, yana reto.

"Lale marhabin da abincin rana," in ji Uwar-Tulu.

"Inna, ki dubi girman Allah! Ni masaƙi ne, ƙashi ne kawai da fata."

"Masaƙi? Kai ne Barmon da ba ya saɓa alkawari? To, ɗan murfin nan nawa ba ya tare ruwan sama, kullum miyata sai ta tsinke. Ka saƙa mini marufi. Na rantse ba zan taɓa ka ba sai ranar da ka gama."

"In na gama fa, Inna?"

"Haba ɗana, wa ke ajiye masaƙi bayan an gama saƙa?"

Barmo ya leƙa sama, ga Zanzaro yana shawagi. Ya dubi ƙasa, ga fukafukan ƙudaje suna yawo a ruwa. Aikin da ba zai kai shi azahar ba ne, hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Amma ya riƙa jan aikin, ya ƙi gamawa.

Da la'asar ta ce, "An gama?"

Bawan Allah, abin da yake yi wa wasu gori yau ya zo kansa. Da ƙyar ya ce, "Saura kaɗan, Inna. Gobe."

Gobe ta zo, ya ce zaren bai bushe ba. Jibi ya ce ido ke masa ciwo. Yunwa ta kama shi, ya fara tsame ƙudajen da suka faɗo, yana cewa ai ma'aikaci a gidan mai aiki yake ci. Tafiya kuwa sai a karkace, ido ɗaya na kallon Zanzaro, ɗaya na kallon miya. In ya ji fiffikar Zanzaro kusa, sai ya bi zarensa ya nutse cikin ruwan da ke jiran cin sa, ya lafe, in ƙura ta lafa ya hauro.

Abin da ya fi ci masa rai, ranar da 'ya'yansa suka ce, "Baba, koya mana saƙa." Hawaye ya cika masa ido, ya ce, "Zare ɗaya ya ishe ku. Wanda ya iya na biyu, ya mutu."

Shi ya sa har yau in ka leƙa cikin tulun nan za ka tarar da jikan Barmo a maƙale da zarensa ɗaya tal, bai san yadda ake saƙar yana ba. Uwar-Tulu tana nan baki buɗe, ruwan sama na shiga, tana yi wa maƙwabta alfahari wai masaƙinta ba ya ƙarya. Kullum ta tambaya, kullum ya ce mata gobe.