Baba Amin-da-wuri

A garin Tudun Kanya an yi wani dagaci mai suna Safaniya, wanda kuma shi ne babban dattijon ikilisiya. Al'adar majami'arsu, bayan wa'azi kowa zai sunkuya ya yi addu'a a zuci, ba mai ɗagowa sai dattijo ya ce Amin. To, shi Safaniya da ya rufe ido sai rigingimun gari su yi masa caa: iyakar gonar wane, akuyar wance, rumbunsa da gara ta shiga. Ya yi ta kokawa da su har gumi ya karyo masa, in ya ga ba dama sai ya yanke da "Amin!" tun mutane ba su gama gyara zama ba. Har mata suka laƙaba masa suna Baba Amin-da-wuri.

Ran da sunan ya kai kunnensa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya zauna a gindin bangon majami'a da hantsi, ya ce, "Gobe Lahadi zan ajiye dattijancin nan. Mai zuciya kamar kasuwa me zai faɗa wa Allah?"

Wani kadangare mai jan kai, wanda ya tsufa yana sauraron wa'azi ta taga, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka ajiye, ka ji labarin Mikah mai gero."

Dagaci ya ce, "Yau har da kadangare? To, ina jin ka."

Kadangare ya ce, "An yi wani manomi Mikah, geronsa ya fara nuna, tsuntsaye suka sauka. Ya kafa rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi ya rataya gwangwanaye, amma zuciya ta hana shi zama. Ko tsuntsu ɗaya ya gani sai ya diro ya bi shi da sanda. Da gwaggonsa Keziya ta kawo masa fura, ta tarar da kara a kwance ko'ina. Ta ce, 'Mikah, shanu suka shiga?' Ya ce, 'Tsuntsaye ne, Gwaggo.' Ta ce, 'Tsuntsaye masu takalmi? Zauna ka ji abin da ya sami Damaris mai ƙosai.'

"Keziya ta ce, 'Damaris ta fi kowa iya ƙosai a kasuwarmu, sai dai ta tsani ƙuda. Wata ranar kasuwa ta zuba ƙullu a mai, sai ga ƙuda a bakin kwano. Ta kai masa mafici, ya tashi, ta bi shi. Ya sauka kan tallar maƙwabciya, ta bi shi can. Kafin ta juyo hayaƙi ya turnuƙe. Ta zauna tana kuka wai ƙuda ya cuce ta. Mijinta ya leƙa kasko ya ce, ai shi ƙudan ko ɗanɗanawa bai yi ba. Kai ma, ɗana, tsuntsu ya ci ƙwaya, ƙafarka ta ci dami. Hau rumfa, in sun zo ka ja igiya, ka ci gaba da zama.' Mikah ya hau, kuma a shekarar ya cika rumbu."

Kadangare ya gyaɗa kai ya ce, "Ranka ya daɗe, tunani sai ya zo, kuma zuwansa ba zunubi ba ne. Binsa da sanda ne ke fitar da kai daga gaban Ubangiji. Ka nemi igiya, gajeriyar magana kamar 'Ya Uba, ga ni.' Duk sanda ka farga ka yi nisa, ka ja ta ka komo. Tunanin da ya nace kuwa, ka miƙa shi ga Allah, wataƙila an turo maka shi ne don ka yi addu'a a kansa."

Kashegari fasto ya gama wa'azi, aka sunkuya. Akuya ta shigo zuciyar Safaniya, ya ce, "Ya Uba, ga ni," ta wuce. Gara ta zo, ya ja igiya. Rigimar iyakar gona ta zo ta ƙi tafiya, sai ya kama sunayen 'yan'uwa biyun da ke faɗa a kan iyakar ya ajiye su gaban Allah. Daga nan zuciyarsa ta kwanta, ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba tun da aka yi masa baftisma.

Shiru ya yi tsawo. Mata suka fara tarin ƙarya, fasto ya buɗe ido ɗaya. Daga baya matarsa Lai'atu ta matso ta raɗa masa, "Maigida, mutane sun bar tukwane a kan wuta." Sannan ya ɗago, hawaye a gemu, ya ce "Amin" a natse. Jama'a suka amsa har kwanon rufi ya ɗauka, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Da aka watse ya je gindin bango ya ce, "Kadangare, na karɓi maganarka, ba zan ajiye ba."

Kadangare ya ce, "Sai dai ka shirya, na ji mata suna neman sabon suna."

Safaniya ya yi dariya ya ce, "Su sa duk wanda suka ga dama. Ni dai na hau rumfa, ba na saukowa."